Mastas a CFD da ƙonewar gas: in fara a gida ko in jira na waje?

Sadik_Kanikanci:
Assalamu alaikum. Na gama bautar ƙasa, digirina na farko a injiniyan kanikanci. Ina son mastas a CFD, wato lissafin gudun iska da ruwa da kwamfuta, ɓangaren ƙonewar gas. Na samu gurbi a nan gida, malamin da zai duba ni yana bincike kan murhun gas na girki, amma sashen ba shi da kwamfuta mai ƙarfi, sai laftof ɗina mai RAM 16. Zan iya jira in nemi jami'ar KAUST ta Saudiyya ko Jamus, sai dai shekara guda za ta tafi, kuma Baba ya matsa in kama wani abu. Wanda ya bi hanyar nan ya taimaka min da haske.

Abu Hanan:
Wa alaikumus salam. Ka koyi Python ka shiga harkar data, can kuɗin yake.

Bala Gas:
Ƙanena, kada ka soma. Ni na yi, kuma har yau raina na ɓaci. An ba ni aikin harshen wutar methane, malamina ya ce lallai da cikakken tsarin sinadaran ƙonewa na GRI-Mech 3.0, sinadarai 53, matakan haɗuwa 325. A kowane gidan raga, wato ƙananan gidajen da ake raba yankin wutar, sai kwamfuta ta warware wannan duka, ban da lissafin Navier-Stokes na gudun iskar. Laftof ta kwana tana huci, asuba ta yi a ɗauke wuta, batir ya mutu, aiki ya koma farko. Ana cikin haka yajin aikin 2022 ya cinye wata takwas. Da aka dawo malamin ya tafi hutun bincike, aka miƙa ni ga wanda bai taɓa buɗe manhajar CFD ta Fluent ba. Ya kalli hotunana ya ce wannan zane ne, ina injin da ka ƙera? Abokan karatuna sun yi aure, ni ina gyara babi na uku.

Mai_Tsire01:
Ilimin wuta kuke nema? Ku zo tukubata bayan Magariba, kyauta ne, ku taho da kuɗin nama kawai 😂

Maryam ITV:
Malam Bala, Allah ya saka maka, amma tun farko aka ɗora maka kayan da ba na laftof ba. Sadik, ina digiri na uku a Aachen ta Jamus, kuma ko nan ba ma jefa cikakken tsarin sinadarai a kowane aiki. Ana rage shi zuwa mataki biyu ko huɗu, ko a yi teburin flamelet tukuna, wato a lissafa sakamakon ƙonewar a ajiye, kwamfuta ta riƙa ɗauka daga ciki. Murhun girki da RANS, hanyar da ke lissafa matsakaicin gudun iska kawai, a yankin 2D, RAM 16 za ta ɗauka. LES da DNS, masu bin diddigin jujjuyawar iska, su ne ke bukatar kulasta, wato tarin kwamfutoci da aka haɗa. Manhajar CFD ta OpenFOAM kyauta ce, Cantera ta lissafin sinadarai ma haka, amma ka zauna da Linux da ɗan C++. Kafin ka taɓa murhun malaminka, ka gwada Sandia Flame D, wani harshen wuta na gwaji da aka riga aka auna, ka ga ko sakamakonka ya zo daidai da ma'aunin da aka wallafa. Wannan kaɗai zai ƙara wa takardar nemanka nauyi. Tambayar da zan so ka yi wa malamin ita ce: yana da ma'aunin zafi da na hayaƙi na murhun da za ka kwatanta da su? In babu, hoto mai launi kawai za ka fitar.

Bala Gas:
Hajiya, ke kina ƙasar da ba a ɗauke wuta. Wanda bai kwana yana lissafin man janareto ba, ai bai san ciwon ba.

Maryam ITV:
Digirina na farko a gida na yi shi, Malam. Na san duhun nan.

Abu Hanan:
Jamus ai kyauta ne, Yuro 11,208 kawai za ka ajiye a asusun da ake kullewa don neman bizar karatu.

Nura Stuttgart:
Tsohon farashi ke nan, tun Satumban 2024 ya koma 11,904. Kuma kyautar ba ko'ina ba ce, mu a jihar Baden-Württemberg Yuro 1,500 muke biya kowane zango. Ka juya shi zuwa naira kafin ka gaya wa Baba.

Ummu Aisha:
Mijina a KAUST yake, a Thuwal kusa da Jidda. Ba ya biyan kuɗin makaranta, ga gida ga alawus, ga babbar kwamfutarsu Shaheen. Masu binciken ƙonewa suna da ƙarfi a can, yanzu ammoniya da haidirojin suka fi bi. Amma shiga da wuya, ya nema an ƙi shi kafin ya samu.

Bala Gas:
Yanzu har wadda mijinta ya yi ma shawara take bayarwa?

Ummu Aisha:
Ni na buga masa takardun, Malam Bala, na san abin da aka tambaya.

Sadik_Kanikanci:
Na gode duka. Anti Maryam, in na fara a gida sannan KAUST ko tallafin karatu na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ya fito, barin mastas a tsakiya zai ɓata min suna?

Nura Stuttgart:
Bar wannan tukuna, ka karɓi tiranskirif ɗinka? Nawa sai da wa'adin neman ya wuce aka sa hannu. Na biya ta intanet, na je da ƙafata, aka ce fayil ɗina na ofishin wani da ya yi tafiya.

Abu Hanan:
Wallahi nawa an aika, amma da sakamakon aji uku babu kwas biyu. Har yanzu ina bi.

Bala Gas:
Ku kun ma samu an ga fayil. Nura, wa ka bi ta hannunsa a ƙarshe? Turo min ta akwati.