Kafin a kashe kuɗin iyaye: gogewar malamai kan zaɓen na'urorin koyarwa

Shugabar makarantar sakandaren 'yan mata, jihar Katsina:

Assalamu alaikum. Ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantarmu ta tara kuɗi domin a sayo na'urorin koyarwa, kuma kwamiti ya ɗora mini nauyin kawo shawara kafin ƙarshen wannan zango. Tayi uku ne a gabana: allon zamani da ake sarrafawa da yatsa, ko kwamfutocin hannu da za a riƙa raba wa ɗalibai lokacin darasi, ko kuma ɗakin kwamfuta guda ɗaya. Abin da ya tayar da hankalin iyaye shi ne JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta tun 2015, ga shi kuma a 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar cewa WAEC da NECO ma za su bi sahu. Ina roƙon duk wanda ya taɓa yin irin wannan sayayya ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, domin kuɗin nan amana ne.

Malamin kimiyya, Sakkwato:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina ganin a fara da maganar wuta, domin ita ce ta kayar da mu. An kawo mana majigi da allon zamani, aka gwada su a ofishin shugaba da janareta a kunne da labule a sake, kowa ya yaba. Da aka kai su aji sai muka tarar hasken rana da ke shigowa ta taga ya fi ƙarfin hoton, ɗaliban da ke layin baya ba sa iya karanta komai, in kuma aka rufe tagogi a watan Afrilu babu mai iya zaman ajin saboda zafi. Da hunturu ya shigo, ƙura ta toshe matacin iskar majigin, ya zama yana yin zafi yana kashe kansa ana tsakiyar darasi, malami ya tsaya riƙe da alli yana jira ya huce.

Daga baya muka koma babbar talabijin da ake haɗawa da kwamfutar malami, domin cin wutarta bai kai rabin na majigi mai ƙwan fitila ba, kuma hotonta yana fita ko da taga a buɗe take. Haka kuma kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi ta tebur sauƙin wuta nesa ba kusa ba, ga batirinta da ke riƙe aiki idan an ɗauke wuta. Shawarata ita ce a sa mai haɗa sola ya lissafa wutar da kowane tayi zai ci kafin a yanke hukunci, a kuma sa kuɗin inbata da batura cikin kasafin tun farko. A tuna cewa batirin ruwa ba ya son a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba.

Malama mai horar da malamai, Zariya:

Abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, sai dai ko an warware matsalar wuta akwai tambayar da ta fi ta nauyi, wato shin yara za su ƙaru da na'urar ko kuwa. Wasu daga cikinmu suna tune da shirin ba kowane yaro kwamfuta guda wanda Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005, wanda aka gwada a wata makarantar firamare da ke Galadima a Abuja a 2007. Ƙasar Peru ta rungumi shirin sosai, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012, wanda ya shafi makarantun karkara 319, bai ga wani ci gaba a sakamakon yara na lissafi da harshe ba, duk da cewa sun saba da sarrafa na'urar. Ba kwamfutocin ne suka gaza ba. An raba su ne ba tare da an sauya yadda ake koyarwa ba.

A makarantun da nake zuwa duba ɗalibaina masu gwajin koyarwa, na ga kwamfutocin hannu a kulle cikin akwati saboda an ce wa malamai duk wanda ya fasa zai biya. Na kuma ga makarantar da ba ta da komai sai kwamfuta ɗaya da talabijin, amma malamar halittu tana nuna yadda jini ke zagayawa daga zuciya zuwa huhu, tana tsayar da hoton tana tambaya, yara suna rige-rigen ɗaga hannu. Saboda haka, Hajiya, ki nemi a ba ku kaɗan ku gwada a aji ɗaya na tsawon zango, a yi wa ajin gwaji a farko da ƙarshe, a kwatanta da wani ajin da shi wannan malamin ke koyarwa ba tare da na'urar ba. Kada a zaɓi malamin da ya fi kowa iya kwamfuta ya yi gwajin. A zaɓi matsakaici, domin irinsa ne suka fi yawa a kowace makaranta.

Malamin kwamfuta, Kano:

Malama, ina tare da ke a kan gwaji, amma ina ganin buƙatar Hajiya ta riga ta fito fili, tunda jarrabawa ce damuwar iyaye. Na raka ɗalibai cibiyar JAMB, na ga yarinya mai ƙoƙari ƙwarai hannunta yana rawa a kan linzamin kwamfuta, wato maus, domin ranar ce ta fara zama gaban kwamfuta. Alhali abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba: maɓallan A, B, C da D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Allon da malami kaɗai ke taɓawa ba zai koya wa yarinya wannan ba. Ɗakin kwamfuta nake goyon baya, a sa masa manhajar gwaji da ke aiki ba tare da intanet ba, a kuma tsara jadawali yadda kowace ɗaliba za ta zauna ita kaɗai a gaban na'ura kowane mako.

Malamar Hausa, Azare:

Ni abin da ke cikin na'urar ne ya fi damuna. An kawo mana kwamfutocin hannu da aka ce an cika su da darussa, da muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya sai muka ga yawancinsu ba su dace da tsarin karatun da hukumar NERDC ta shimfiɗa ba, na Hausa kuwa babu ko ɗaya, kuma duk inda na rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ sai wani ɗan akwati ya fito a madadinsa. Ki sa malaman kowane fanni su buɗe darasin da za su koyar a mako mai zuwa su gani ko yana ciki. Kafin ku biya kuɗin manhaja kuma, ku duba manhajar darussa ta Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, da kuma Kolibri wadda ke aiki ba tare da intanet ba, domin duka biyun kyauta ne.

Ma'ajin makaranta mai zaman kanta, Kaduna:

Ranki ya daɗe, zan ƙara da ɓangaren takarda. Mun taɓa sayen kaya masu garantin shekara ɗaya, da allon wasu ya fashe aka ce sai an aika su Legas, suka tafi da sauran zangon gaba ɗaya. Yanzu ba ma sa hannu sai an rubuta wanda zai yi gyara a cikin gari, da tsawon lokacin da gyaran zai ɗauka, da farashin caja da batir da allo, da kuma ko manhajar tana buƙatar sabunta biya duk shekara, domin nan ne ake ɓoye tsadar. Muna kuma riƙe wani kaso na kuɗin sai kayan sun yi aiki zango guda, sannan horar da malamai ya zama cikin yarjejeniyar, a yi shi a ajinmu da na'urorinmu, ba a ɗakin taro ba. Idan za ku bi shawarar Malamin Kano ta ɗakin kwamfuta, ku ware kuɗin ƙofar ƙarfe da fanka da kyallen rufe na'urori, ku kuma sayo caja da linzami na ajiya tare da kayan tun a karon farko.