Ina son saka mitar batir da cajar waya a mashin ɗina, a ina ake jona wutar?

Ɗan Ɗorayi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin wutar mashin ku taimaka min. Boxer 150 ce da ni, da ita nake kai kaya shaguna, kuma na sayo irin mitar nan ta dijital mai nuna ƙarfin batir da gudun inji wato RPM, sai caja mai bakin USB biyu da fitilun LED ƙanana guda biyu da nake so a ɗaura a gaba saboda hanyar unguwarmu ba haske da daddare ga ramuka. Abin da ya tsayar da ni shi ne maƙocina an saka masa irin wannan cajar kuma tun daga lokacin kullum da safe sitata ba ta ɗauka sai ya buga kik, har sabon batir ya saya abin bai canza ba. To ni ba na so in kashe kuɗi in kashe batir. A ina ya kamata a ɗauki wutar, kuma mashin ɗin zai iya ɗaukar dukkansu kuwa?

Mai Rewaya Fanteka:
Wa alaikumus salam. Matsalar maƙocinka ko ban ga mashin ɗin ba na san ta, kai tsaye aka ɗaura masa a kan batir. Cajar nan ko ba a saka waya ba tana ɗan jan wuta, balle mai shuɗiyar fitila da ke kunne dare da rana, batirin mashin kuma ɗan mitsitsi ne ba irin na mota ba, in mashin ya yi kwana biyu uku a ajiye ta tsotse shi tas.

Abin da za a yi, a nemo wayar da wuta ba ta zuwa mata sai an murɗa ki. A mashinan da suka bi tsarin Honda CG ja ita ce ta batir, baƙa ita ce ta bayan ki, koriya kuma at, wato wadda ke haɗe da jikin ƙarfen mashin. Amma kar ka ɗauki wannan ka kai kan Boxer, kalolinsu daban ne, a sa tasta a gwada, ki a kashe ba wuta ki a kunne akwai wuta, to ita ce. Sannan dole fiyus, na 3A, wato amp uku, ya ishi mita da caja. Ni duk wanda ya zo wajena ya ce a bar fiyus ɗin nan ba na taɓa masa aiki, don na sha ganin waya ta goge a wuyan mashin wajen da kai ke juyawa ta taɓa ƙarfe, kafin mutum ya faka hayaƙi ya tashi a ƙarƙashin tanki, ka san kuma abin da ke cikin tanki.

Fitilun kuma hanyarsu daban. A jawo musu waya mai ɗan kauri daga batir da fiyus nasu na 5A dab da kan batir ɗin, a saka rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, wayar bayan ki aikinta kawai ta kunna rilen. Kar a bari yaro ya jona su a wayar babbar fitila. Mashina da yawa fitilarsu AC ce daga kwayil take zuwa, za ka gane ta in ba ta kamawa sai inji ya tashi kuma tana ƙara haske in ka ja totur, LED a kan irin wannan wutar kyaftawa za ta yi ta yi har ta ƙone.

Baban Khalifa:
Oga Mai Rewaya ya gama magana a kan jonawa, ni lissafi zan ƙara. Duba kwalin fitilun ka ga wat nawa aka rubuta. In kowace 20W ce ka ga 40W kenan, raba da 12 wato volt ɗin batir, sama da 3A suke ja su kaɗai, caja kuma in tana cajin waya wajen 1A, ga babbar fitila ga danja ga sigina ga hon. Kwayil ɗin ƙaramin mashin ba a yi shi da rara mai yawa ba, kuma a sulo ko cikin cunkoso ɗan abin da yake bayarwa kaɗan ne, sauran duk daga batir ake cirowa.

Shi ya sa a cikin kayan naka mitar batir ɗin ce ta fi min komai, a fara saka ta ita za ta ba ka amsa. Da safe kafin ka tayar, batir mai lafiya zai nuna wajen volt 12.6, in ka kunna ki zai ɗan sauka kaɗan ba komai. In kana tafiya ya zauna tsakanin 13.5 da 14.5. To kunna fitilun kana cikin tafiya, in ya tsaya sama da 13 ka huta, in ya yi ta sauka yana neman 12 kaya sun fi ƙarfin kwayil, sai ka cire ɗaya ko ka nemi masu 10W. In kuwa ka ga ya haura 15 regileta mai daidaita wutar da ke shiga batir ce ta tafi, canza ta da wuri kafin ta dafa batir ta ƙona ƙwan fitila.

Kabu-kabu Maraɗi:
Ɗan'uwa ni dai shawarata ka rage kwalliya. Mashin na neman abinci ne, duk abin da ka ɗaura yana sheƙi yara na gani a bakin kasuwa su ɓalle. Kuma an rubuta ruwa ba ya shiga amma bari damina ta sauka, murfin robar cajar nan in ya saki ruwa ya kwanta a ciki sai tsatsa. Tawa a ƙarƙashin kujera na sa aka ɓoye ta, wayar kawai nake fitowa da ita. Mitar RPM kuma ban ga abin da za ta ƙara maka ba, kunnenka ya ishe ka sanin lokacin canza giya.

Ɗan Ɗorayi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na Maraɗi maganar ɓoye cajar ta shige ni, haka zan yi. Ita RPM ɗin a haɗe ta zo da mitar batir shi ya sa. Oga Mai Rewaya akwai wata siririyar waya doguwa a jikinta da ba ta da kai, ita kuma ina za ta?

Mai Rewaya Fanteka:
Ita ce ta RPM ɗin, ba a yanka komai, naɗa ta ake yi a jikin wayar fulogi kamar zagaye biyar a ɗaure da baƙin salatif, nesa da jikin inji kar ta narke. In an tayar ka duba, sulon irin mashin ɗinka wajen 1,400 ne, in ta nuna maka 2,800 ko 700 ba lalacewa ta yi ba saiti ne, akwai maɓalli a jiki da ake zaɓar tartsatsi nawa ne a zagaye ɗaya, canza har lambar ta dawo daidai. In lambobin suna ta tsalle ba sa tsayawa nemi fulogi mai harafin R a lambarsa, yana rage hayaniyar wuta. Kuma ka tsaya a kai lokacin aikin, duk inda aka haɗa waya a sa dalma ba murɗawa da hannu kawai ba, a bar wa wayoyin rara a wuya, sannan ka juya kan mashin ƙarshen dama da ƙarshen hagu ka tabbatar ba inda take ɗamewa kafin ka biya.