Neman Shawara: Likita Ya Ce Hawan Jini Ya Taɓa Idon Mahaifiyata

Wata 'yar'uwa daga Jekadafari, Gombe:

Assalamu alaikum. Mahaifiyata ta shekara shida da hawan jini, amma ba ta shan magani sai in kanta ya sara. Kwanan nan ta fara ganin hazo-hazo da ido ɗaya, muka je a yi mata tabarau, sai likita ya ɗiga magani ya haska, ya ce jinin ne ya illata jijiyoyin bayan idon. Awonta a ranar 170/100 ne. Don Allah me ya haɗa hawan jini da ido, kuma ko ganinta zai dawo?

Wata ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. A can bayan ƙwayar ido akwai wani tantani mai karɓar haske, wanda ƙananan jijiyoyin jini suke ciyar da shi. Idan jini ya daɗe yana bugu da ƙarfi, bangon jijiyoyin nan sai ya yi kauri, hanyarsu ta tsuke, kuma inda jijiya mai kawo jini ta gitta a kan mai mayar da shi, sai ta danne ta har ta iya toshewa. Daga nan ne jini ko ruwa yake tsattsafowa cikin tantanin, gani ya dusashe, abin da tabarau ba ya gyarawa.

Abin da ya fi damuna shi ne, ido ne wurin da ake iya kallon jijiyoyin jini kai-tsaye, don haka abin da likita ya gani alama ce cewa ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa ma suna shan irin wannan wahala. Idan jinin ya sauka ya zauna, tsattsafowar takan bushe cikin watanni, sai dai kaurin jijiyoyin ba ya cika komawa. A gwada mata sukari, kuma ku nemi sashen ido na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe domin a riƙa bibiya.

Wani dattijo daga Kumo:

'Yata, ni ma na yi wannan kuskuren na jiran ciwon kai, alhali hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Ki karɓi ragamar maganin da kanki, kullum a kan lokaci. Ki rage gishiri da dunƙule da kanwa a miyarta, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Kada kuma a ɗiga mata maganin ido na masu talla.

Ma'aikaciyar jinyar ta ƙara:

Idan awo ya kai 180/120, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ɓarin jikinta ya saki, a kai ta asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.