Wai ƙwayar kwalara tana magana?

Sadiƙ: Jama'a ku raba ni da yayana. Jiya na ce ƙwayoyin kwalara suna magana da junansu a cikin hanji, sai ya ce kuɗin makarantata asara ne. Alhali a aji aka koya mana. Ƙwayar wutsiya ɗaya gare ta, da ita take iyo ta ratsa majinar da ke bangon hanji. Tun suna 'yan kaɗan suke mannewa, su fara zuba dafin da ke sa gudawa fara kamar ruwan shinkafa. Kowacce tana sakin wani sinadari. In ya taru da yawa sun san sun cika wuri, sai su rage dafin, su saki bango, su bi bayan gida su fita neman wani cikin.

Anti Bilki: Magana kuma? Da wane bakin?

Malam Habu: Hajiya, a yi hattara. Tururuwa ma ta yi magana, Annabi Sulaiman ya ji ta.

Nura: Malam, wannan sinadari ne kawai. Hayaƙi ya cika ɗaki ka gane an hura wuta, sai ka ce hayaƙin ya yi maka magana?

Sadiƙ: Farfesa Bonnie Bassler ta Jami'ar Princeton a Amurka, wadda aikinta ke nan, ita ma magana take ce masa.

Nura: Don irin su Anti su gane ne.

Anti Bilki: Irin su wa? Nura, ni fa na goya ka.

Fati: Halin 'yan likitanci ke nan. In ba daga bakinsu abu ya fito ba, shirme ne.

Nura: To ai Robert Koch da ya ware ƙwayar a birnin Kalkata na Indiya a 1884 likita ne.

Fati: Filippo Pacini ya riga shi ganinta a Italiya tun 1854.

Nura: Shi ma likitanci ya karanta, ƙanwata.

Fati: Ni ba ƙanwarka ba ce, na girme ka da wata huɗu.

Malam Habu: Har yanzu ba a amsa mini zancen tururuwa ba.

Sadiƙ: Ni dai me zan faɗa wa Yaya?

Shugaban zaure: Na rufe nan. Abin da aka tsayar: ƙwayoyi suna magana, kamar yadda mu 'yan sashen ƙananan halittu muka daɗe da sani. Nura bai kawo hujja ba sai hayaƙi, kuma zai ba Anti haƙuri kafin Magariba. Sadiƙ, taka da Yaya ku ƙarasa a gida.