Abin da na tsinta a hirar fada kan kyamara a fim ɗin ban tsoro

Jiya da dare a fadarmu ta Birni muna shan shayi, hira ta koma kan fim ɗin aljanu da samarinmu ke son yi da waya, to ga abin da na riƙe.

Kusan kowa ya yarda cewa wurin da ka aje kyamara ya fi kwalliyar dodon muhimmanci. In kana so abu ya yi kwarjini ka durƙusa ka ɗauko shi daga ƙasa, sai ya cika fuskar wayar kamar duwatsun nan na Birni, shi kuma wanda ake farauta ka hau soro ka ɗauko shi daga sama, zai koma ɗan ƙarami cikin lungu ba mai ceto.

Wani ya ce a riƙa karkata kyamara kaɗan don mai kallo ya ji duniyar ta jirkice. Gaskiya ne amma sau ɗaya ko biyu ya isa, in ya yi yawa kai ke juyawa.

Dabarar da ta fi shiga raina ita ce ta barin fili a cikin hoton. Yarinya tana alwala a gefe guda na hoton, sauran duk ƙofar zaure ce a buɗe da duhu, wallahi idonka ba zai bar ƙofar nan ba ko da ba abin da ya fito. In kuma kyamara na binta a baya tana ɗan rawa, ka zama idon mai binta kenan.

Hoton kusa, wato ka matso da kyamara dab da fuska, a aje shi sai tsoron ya kai maƙura, a nuna ido da zufa kawai.