Tsabar dabo ta maƙale bayan an goge ta da Brasso

Masu wasan dabo na Jos, don Allah a taimaka. Saitin Scotch and Soda ne, wato kwanson rabin dalar Amurka da tsabar da ke kullewa cikinsa, mai fuskar centavo 20 na Meziko. An goge da Brasso, wato maganin goge ƙarfe ya yi ƙyalli, sai maganin ya shige bakin kwanson ya bushe. Yanzu ta cikin ta ƙi fita, ko an buga a zoben fitarwa, wato zoben da ake sa kwanson a ciki a buga don ta cikin ta faɗo. Jiƙawar minti 20 a ruwan ɗumi da sabulu ba ta yi komai ba. Filaya kuwa ba a maganarta, bakin siriri ne, da ya lanƙwashe shi ke nan.

Kananzir zai sassauta busasshen maganin? In ta fita, da me za a share ciki ba tare da bakin ya saki ba?