Gurbi biyu suka rage a ekip ɗina: manya zan riƙe ko yara zan sa?

Kocin Yantala:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe ekip ko suka buga kwallon kwando da gaske. Ina horar da wata ekip ta maza a nan Yamai, ba sai na kama sunanta ba. Shugabanmu ya ce bana kuɗin lisans da pirim na mutum 12 kaɗai zai iya ɗauka, daidai adadin da ake rubutawa a takardar mach. Goma na riga na tsayar da su, kuma cikinsu babu wanda ya haura shekara 27. Gurbi biyu suka rage, mutum huɗu ke jiransu.

Biyu manya ne. Ɗaya shi ne kyaftin ɗinmu, mai raba ƙwallo, shekararsa 34. Ƙafa ta yi nauyi, amma ba ya zubar da ƙwallo, kuma idan aka matsa mana a rabin filinmu shi ke tsallakar da mu kafin sakan 8 da doka ta ba mu su cika. Ɗayan pibo ne, wato mai tsayawa ƙarƙashin kwando, shekara 32, gwiwar hagu na damunsa. Da bakinsa ya ce minti 15 a mach sun ishe shi, kuma bai nemi ƙarin ko dala ba. Sauran biyun yarana ne tun suna ƙanana. Mai shekara 19 ya kusa mita 2, rebon (cafke ƙwallon da bai faɗa kwando ba) ba ya wuce shi, sai dai kafin hutun rabin lokaci ya tara fot 3, alhali laifi 5 ke fitar da ɗan wasa daga mach. Mai shekara 18 hannunsa na da kyau daga nesa, amma tsaro sai a hankali. Idan ban sa su bana ba, na san akwai masu jiran su ɗauke su. Ran Litinin zan kai sunaye. Me kuka gani?

NBA Dare Ɗaya:
Wa alaikumus salam Koci. Yara kawai. Oklahoma ta ci kofin NBA, babbar gasar Amurka, a 2025 da yara, ta doke Indiana a wasa na bakwai. Ka tuna Lakers ta 2021 zuwa 2022 da suka tara LeBron da Carmelo Anthony da Westbrook da Dwight Howard? Wasa 33 suka ci cikin 82, ko zagayen gaba ba su leƙa ba. Tsufa ba ya gudu a fili.

Ɗan Lazare:
Ka riƙe duka huɗun mana, ka sallami biyu daga cikin matasan da ba su da amfani. Ko ka roƙi shugaba ya ƙara biyu.

Kocin Yantala:
Ɗan Lazare, na roƙa. Ya ce 12. Goman kuma su ne ƙashin bayan ekip.

Malamar Wasanni:
Mai NBA, ka karanta abin da Koci ya rubuta kuwa? Ya ce goman nan duk ƴan ƙasa da 27 ne, ai yara sun riga sun cika masa ekip. Kuma Oklahoma ɗin da ka kawo, me ya sa suka ba da Josh Giddey suka karɓo Alex Caruso daga Chicago a 2024? Mutumin da ya riga ya ci kofi da Lakers a 2020, ya haura 30, yana tasowa daga benci ya riƙe musu tsaro. Su ma da kuɗinsu sai da suka nemi babba ɗaya da ya san hanya. Ni ƴan mata nake horarwa a makaranta, kuma na ga abin da ke faruwa idan saura minti 2 ana binmu da maki 4: kowace na son ta jefa daga nesa, babu mai cewa a tsaya a gina wasa.

Tsohon Pibo:
Koci, gaisuwa. Da na ga ka rubuta "gwiwar hagu na damunsa" sai da na ajiye waya na ɗan zauna, don ni ne wannan mutumin a shekarun baya.

Na ba wata ekip a garin nan ƙuruciyata duka. A kan siminti muka taso, ba katako ba, duk wanda ya buga a filayen unguwa ya san yadda gwiwa ke ji idan ka sauko daga rebon. A wani mach na sauko kan ƙafar wani, na ji abu ya yi ƙara a ciki. Koci ya zo ya dafa ni ya ce in daure, saura kwata ɗaya. Na daure, muka ci. Da dare gwiwa ta kumbura har wando bai shiga. Washegari aka ba ni jaka 10 aka ce in yi hoto, daga nan ban sake ganin dalar kowa ba. Likita ya ce jijiyar ciki ce ta tsinke, sai aiki. Mahaifiyata ta sayar da tumakinta biyu, yayana ya ranto saura.

Duk wannan na yafe. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yadda aka cire ni. Na dawo ina ɗingishi ina zuwa antirenman, ina tsaye gefe ina nuna wa wani yaro yadda ake kafa ƙafa a ƙarƙashin kwando, yadda za ka tare mutum da baya kafin ka nemi ƙwallo, yadda za ka miƙe hannu sama ba tare da ka faɗa kansa ba don kada alƙali ya hura. Ni na koya masa. Ranar da aka fitar da sunaye, a rukunin WhatsApp na gani, sunansa a gurbina, har da lambar rigata. Babu wanda ya kira ni, ko a ce "wane, bana ba za mu iya ba, mun gode." Na je karɓar takalmana a ɗakin kaya, mai gadi ya ce an ce masa duk wanda ba ya cikin jerin kada ya shiga. Ina tsaye bakin ƙofa aka miƙo mini su a leda.

Yau taksi nake ja. Idan na bi ta gaban zauren wasanni na Palais du 29 Juillet na ji ana ihu a ciki, ba na juya kai. Yaron ba shi da laifi, har yanzu yana gaishe ni. Amma Koci, duk wanda za ka ajiye cikin manyan nan, ka je gidansa da ƙafarka kafin Litinin. Kada ya gani a waya.

Hajiyar Harobanda:
Innalillahi. Allah ya saka maka, ɗana. Wallahi na yi ƙwalla. Yarona na buga wa wata ekip, yanzu ka sa ni tunani.

Ɗan Lazare:
Yaya Pibo, Allah ya ba da lada. Nawa aikin ya ci gaba ɗaya? Ƙanena ma gwiwa ce.

Tsohon Pibo:
Da hoton IRM da aiki da zaman gashi wurin kine, ya haura jaka 600 a lokacin.

Mai Takalma Katako:
Jaka 600? An cuce ka, yaya. Maƙwabcina an yi masa bai kai 250 ba.

Malamar Wasanni:
Ba ciwo ɗaya ba ne. Gyaran guringuntsi daban, ɗinkin jijiyar da ta tsinke daban. Wata ɗalibata iyayenta sun kashe fiye da miliyan, don waje suka fita da ita. Kuma bayan irin wannan aikin ana ɗaukar wata tara ko fiye kafin a koma fili, wannan ma kuɗi ne.

Ba'adare:
Mu nan Tawa wurin mai ɗori muka kai namu, jaka 5 da zakara. Shina tahiya lahiya lau.

Malamar Wasanni:
Yana tafiya, amma yana tsalle? Don Allah kada a kai ciwon jijiya wurin ɗori.

NBA Dare Ɗaya:
Allah ya ƙara haƙuri Yaya Pibo, amma tausayi ba ya cin mach. A NBA ana musayar mutum yana cikin jirgi, a waya yake gani. Sana'a ce.

Tsohon Pibo:
Ƙanena, wanda aka musanya yana cikin jirgi albashinsa na biye da shi. Ni leda aka miƙo mini. Ka taɓa sa riga ka shiga fili, ko daga kan katifa kake kallo ƙarfe 3 na dare?

NBA Dare Ɗaya:
To sai wanda ya karye ne zai yi magana? Koci shawara ya nema, bai ce sai mai tabo ba. Ina bin wasan nan tun zamanin Kobe, na san abin da nake faɗi.

Alƙalin Fili:
Ku yi haƙuri ku duka. Ni na hura usur shekaru a filayen nan, bari in faɗi abin da nake gani daga tsakiya. NBA minti 48 ce da fot 6, mu minti 40 ne da fot 5. Yaron da ke tara 3 kafin hutu, rabin mach a benci zai yi, kuma abokan karawa za su gane, su riƙa kai masa ƙwallo har ya fita. Maganinsa shi ne ya yi shekara ɗaya yana gogayya da wannan pibo mai gwiwa kullum a antirenman. Minti 15 na babba, 25 na yaro, gurbin ya cika. In misali kuke so, ku dubi Afirka. Petro de Luanda ta sha kashi a wasan ƙarshe na BAL, gasar ekip-ekip na Afirka, a 2022 hannun Monastir, ba ta watsar da manyanta ba, ta dawo ta ɗauki kofin a Kigali a 2024, Carlos Morais na cikinsu yana da shekara 38. Ita kuma BAL ɗin ta riƙa saka yaro ɗaya daga makarantar NBA ta Saly a Senegal cikin kowace ekip, don ya zauna da manya. Ta nan Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya bi, aka ɗauke shi na 10 a zaɓen NBA na 2025.

NBA Dare Ɗaya:
San Antonio ma ta kawo Chris Paul yana 39 don ya zauna da matashinsu Wembanyama. Ya buga wasa 82 cif, amma zagayen gaba ba su je ba.

Alƙalin Fili:
Ba don kofin shekarar suka kawo shi ba, ɗana.

Bagobirin Wadata:
Ni tambayata ɗaya, Koci. Shekara 34 ɗin kyaftin, ta lisans ce ko ta haihuwa? Don na san wani da muka yi makarantar allo tare, yana da ƴaƴa uku, har yanzu a takarda 23 yake. In Bazabarme ne ma ka ƙara masa biyar.

Ɗan Gamkale:
Bagobiri, kai da ko tsallen kwata ba ka iyawa! Ka bar manya su yi magana, bawana.

Hajiyar Harobanda:
Ku bar wasa, mutum na da Litinin a gabansa. Koci, ni uwa ce, ban san dokar fili ba. Amma yarona ba ya jin maganar babansa kamar yadda yake jin ta kyaftin ɗinsu. Shi ya hana shi barin makaranta bara.

Kocin Yantala:
Na gode Hajiya, na gode Alƙali. Yaya Pibo, maganarka ta shige ni, in sha Allah zan je da ƙafata. Amma in na bi shawarar Alƙali na haɗa pibo da dogon yaron, kyaftin ya fita ke nan, mai shekara 18 ma ya fita, kuma shi ne aka fi zawarci.

Ba'adare:
To ga inda ciwon yake, Malam Koci. Ku na Yamai kuna kukan za a ɗauke muku yaro, mu hwa? Mu munka tashi yaro tun bai kai kwando da jihwa ba, mu ka saya mai takalma, mu ka biyan mota in za a zo gasa, tahiya ta yini guda ta Konni da Dogonduci da Doso. Ran da ya yi mach guda mai kyau gabanku, sai a kira shi gefe a ba shi waya sabuwa da alkawalin makaranta. Ko sallama ba a yi muna. Yara ukku munka rasa haka, ko ƙwallo guda ba a aiko muna ba a ce ga ladan reno.

Ɗan Gamkale:
To ka hana yaro ci gaba don ka saya masa takalmi? Abdoulaye Harouna da ya buga BAL da FAP ta Kamaru da AS Salé ta Maroko, da bai fita ba wa zai san shi? Ko Nigelec da ta wakilce mu a wasannin neman shiga BAL, ai dole ta nemi gwanaye duk inda suke.

Ba'adare:
Ban ce kar yaro ya tahi ba, kuma ban kama sunan kowa ba. Cewa na yi a shigo ta ƙohwa. A zo a gaida wanda ya rene shi, a bar wa ƙaramar ekip abin da za ta tashi wani.

Mai Takalma Katako:
Takalmin ma nawa yake? Gwanjo mai kyau jaka 8 nake bayarwa.

Hajiyar Harobanda:
Jaka 8? Ni 20 na biya wancan watan, kuma tafin ya ɓare kafin sati uku.

Mai Takalma Katako:
Ba wurina kika saya ba, Hajiya. Siminti ne ke cin su, ko sabo fil ne.

Malamar Wasanni:
Maganar Ba'adare gaskiya ce, mu ma a ɓangaren mata haka ake mana. Ni yanzu duk yarinyar da na ɗauka sai na zauna da iyayenta mun rubuta takarda, ko ba ta da ƙarfi a gaban hukuma, aƙalla uba zai ji nauyin sa hannunsa idan wasu suka zo da alkawari.

Alƙalin Fili:
Takardar da ba ta bi ta hukumar kwallon kwando ba, ranar rigima ba za ta tsaya ba, Malama. Lisans ɗin yaro shi ne abin dubawa, da sunan wace ekip aka yi shi kuma wa ya sa hannun sakinsa.

Ba'adare:
Namu ukkun duka da lisans ɗinmu sunka tahi, Alƙali. Malama, don Allah turo mini irin takardar taki in gani, akwai wani yaro ɗan shekara 15 da an hwara yi wa babansa waya.